Ɓeraye sun riga sun ba da shaida a kan sukari

Shekarun baya, ana saura kamar wata guda Babbar Sallah, muka yi asarar rago a gidanmu. An yi taron suna a maƙwabta, aka yi ragowar burodi da cincin da shinkafa da kunun zaƙi rabin bokiti, sai yara suka ga ai bai kamata a zubar ba alhali ga dabba a ɗaure. Suka juye masa duka a daro. Ragon ya cinye tas har yana lasar gefen daron. Washegari da asuba na fito alwala na tarar da shi a tsaye, kai a ƙasa, ya daina tuƙa, cikinsa ya cika ta ɓangaren hagu, in ka danna sai ka ji ruwa yana kai da komo kamar salka. Da hantsi zawo mai tsami ya ɓalle masa. Kafin likitan dabbobi ya iso ya riga ya kwanta, ba yadda muka iya sai yankawa.

Likitan ya tsuguna ya duba tumbin, ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce tumbin rago cike yake da ƙananan halittu waɗanda aikinsu narkar da ciyawa da harawa sannu a hankali. In ka zuba musu gari da sukari da yawa a lokaci guda, wasu daga cikinsu sai su hayayyafa su mayar da abincin tsami, tsamin ya kashe sauran, ya ƙone bangon tumbin, ya janyo ruwan jiki zuwa ciki, daga nan ya shiga jini. Ya miƙe yana wanke hannu ya ce, "Malam, abinci kuka ba shi, amma ba nasa ba."

Abin da ya kashe ragon nan ba ciwon suga ba ne, wannan na sani. Amma a wannan shekarar ce aka tabbatar wa yayana cewa yana da ciwon suga, kuma maganar likitan ta riƙa dawo mini duk lokacin da na gan shi yana huda yatsa yana auna jini. Shi ya sa na koma bin abin da masana suka gani a jikin dabbobi da aka ciyar da sukari. Na fito da ra'ayi ɗaya da nake so in kare a nan: shaidar ta isa tun tuni, kuma jinkirin da muke yi wajen rage sukari a abincinmu, musamman wanda ake sha, ba shi da wata hujja ta ilimi da ta rage masa.

Farin sukarin da mai shayi ke zubawa haɗin abu biyu ne, rabi da rabi: gulukos da furaktos. Gulukos kusan kowace gaɓa tana ƙona shi ta samu ƙarfi, kuma sinadarin insulin ne ke buɗe masa ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Furaktos hanyarsa daban. In kaɗan ne, hanji yana gamawa da shi. In ya zo da yawa kuma da sauri, kamar yadda yake zuwa a lemon kwalba, sai ya fi ƙarfin hanji ya zarce hanta. A jikin ɓeraye aka nuna wannan, a jami'ar Princeton a 2018. Ita kuma hanta sai ta mayar da wani ɓangarensa kitse, wani ya zauna a cikinta, wani ya fita yana yawo a jini. In abin ya daɗe, jiki ya fara ƙin jin umarnin insulin, sai a ƙara fitar da insulin ɗin don a rufe giɓi, a yi ta haka har gaɓar da ke samar da shi ta gaji. Ranar da ta gaji ita ce ranar da sukari ke hawa a jini ya ƙi sauka.

Tun a shekarun 1980 Gerald Reaven da abokan aikinsa a jami'ar Stanford suka ga farkon wannan hanya a ɓeraye. Sun ba su abinci mai furaktos da yawa, cikin makonni kaɗan insulin ɗinsu ya hau, maiƙon jininsu ya hau, suka kuma kamu da hawan jini. Abin ya zama sananne har ta kai yau in mai bincike yana neman ɓera mai irin waɗannan matsaloli don ya gwada magani a kansa, ɗaya daga cikin hanyoyin da yake bi ita ce ya ciyar da lafiyayyen ɓera furaktos ya jira.

Akwai suka da ake yi wa irin wannan gwaji, kuma sukar gaskiya ce. Ɓerayen nan an ba su furaktos da ya haura kashi 60 cikin ɗari na abincinsu. Babu mutumin da ke cin haka. Ko ruwa ne ka ɗura wa dabba fiye da ƙima zai yi mata illa. Da a nan binciken ya tsaya, da ni ma na ce a bar mu mu sha shayinmu lafiya.

Amma bai tsaya ba. A 2013 James Ruff da Wayne Potts na jami'ar Utah suka fitar da sakamakon wani gwaji da ya amsa wannan suka kai tsaye. Sun ɗauki ɓerayen gida waɗanda asalinsu daga waje aka kamo kakanninsu, suka ba rabinsu abincin da sukari ya zama kashi 25 cikin ɗari na ƙarfin da ke cikinsa. Wannan daidai yake da mutum mai cin abinci mai kyau amma yana ƙarawa da gwangwanin lemo uku a rana, kuma kowa ya san mai yin haka a unguwarsu. Bayan wata shida suka sake su duka a wani babban ɗaki, masu sukari da marasa sukari a haɗe, kowa ya nemi maƙwanci da abokin aure da kansa. Matan da suka ci sukari sun mutu ninki biyu na sauran. Mazan kuma sun kasa riƙe wuraren zama kamar takwarorinsu, 'ya'yan da suka haifa sun gaza na sauran da kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓerayen ba su fi sauran ƙiba ba. In ka kalle su ba za ka ce akwai abin da ke damunsu ba. Mu kuma nan ma'auninmu ke nan: in mutum ba shi da teɓa sai mu ce lafiyarsa ƙalau, ya sha abinsa.

In an ce ɓera ba mutum ba ne, to ga biri. A jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ƙungiyar Peter Havel ta ba birai maza 29 abin sha mai giram 75 na furaktos kullum har shekara guda, ban da abincinsu na yau da kullum. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna jikinsu ya daina jin insulin yadda ya kamata, maiƙon jini ya lalace, kitsen ciki ya ƙaru, huɗu daga cikinsu kuma suka kamu da ciwon suga sosai. A wannan jami'ar dai, shekara biyu kafin nan, an gwada mutane masu ƙiba na mako goma, wasu suna shan abin sha mai gulukos, wasu mai furaktos. Duka ɓangarorin sun ƙara nauyi, amma masu furaktos ne kitse ya taru musu a cikin ciki kewaye da kayan ciki, su ne kuma jikinsu ya rage jin insulin. Abin da ɓera ya nuna, biri ya maimaita, mutum ya tabbatar.

Akwai wani labari da nake ganin ya kamata duk mai cewa "ai gwajin dabbobi ne kawai" ya sani, domin masu sayar da sukari su kansu ba su raina ɓera ba. A ƙarshen shekarun 1960 wata gidauniyar bincike ta kamfanonin sukari a Amurka ta ba wani masani a jami'ar Birmingham ta Ingila, W.F.R. Pover, kuɗi ya gwada ɓeraye: wasu a ciyar da su sukari, wasu a ciyar da su sitaci, a ga bambanci. Sun sa wa aikin suna da lamba, 259. Da aiki ya yi nisa, Pover ya kai musu rahoton farko. Alamu sun nuna sukari yana tayar da maiƙon jini ta hanyar da sitaci ba ya yi, kuma ƙananan halittun hanji suna da hannu a ciki. Ya kuma ga alamar wani sinadari da a lokacin ake dangantawa da sankarar mafitsara. Ya roƙi ƙarin kuɗi na mako 12 ya kammala. Aka hana. Aikin ya mutu, ba a taɓa wallafa sakamakonsa ba. Sai a 2017, bayan kusan shekara hamsin, Cristin Kearns da Dorie Apollonio da Stanton Glantz na jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka tono takardun suka bayyana wa duniya. Ƙungiyar kamfanonin sukari ta mayar da martani cewa an dakatar da aikin ne saboda ya yi jinkiri kuma ya ci kuɗi fiye da yadda aka tsara. To, a bar musu wannan. Amma Kearns da Glantz ɗin nan, tare da Laura Schmidt, su ne suka nuna a 2016 cewa gidauniyar nan ta biya wasu masana na jami'ar Harvard dala 6,500 suka rubuta bitar da ta fito a 1967 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na Amurka, inda suka sassauta laifin sukari a ciwon zuciya suka jingina shi ga maiƙo, ba tare da an faɗa wa mai karatu wanda ya biya kuɗin ba. Wanda aka kama da irin wannan sau ɗaya, ba laifi ba ne in aka ƙi karɓar uzurinsa karo na biyu. John Yudkin, masanin abinci a Landan, ya yi ta gargaɗi a kan sukari har ya rubuta littafi a 1972, aka mayar da shi abin dariya a cikin takwarorinsa. Shekarun da aka ɓata a wannan tsakani mutane ne suka biya su da idanu da ƙoda da ƙafafu.

Da aka ce yayana yana da ciwon suga, abin da 'yan dubiya suka fi faɗa shi ne "gado ne, ai kawunku ma da shi ya rasu." Akwai gaskiya a ciki, gado yana da rabonsa. Sai dai dabbobi sun nuna yadda gado da abinci ke haɗuwa. Akwai wani ɓeran hamada a Misira da sauran Arewacin Afirka wanda abincinsa ganyen wata ciyawa ce mai gishiri. A dajinsa siriri ne, lafiya lau. A 1964 Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa da aka kawo shi ɗakin bincike aka ba shi abincin ɓeraye na kanti mai ƙarfi, sai ya yi ƙiba, sukari ya bayyana a fitsarinsa, idonsa ya yi yana. Akwai kuma ɓeran ciyawa da ake samu a gonakin yankin Sahel, har da namu, wanda shi ma masana suka gano yana kamuwa da ciwon suga in aka tsare shi a kan irin wannan abinci. Halittar da ta sa su kamuwa tana jikinsu tun kaka da kakanni, amma ba ta tashi ba sai da akushi ya sauya. Kakanninmu ma da irin jinin da muke da shi suka rayu. Su suna shan fura da nono tsagwaronta, zaƙinsu rake ne a lokacinsa, da mazarƙwaila da zuma jefi-jefi, sannan su yini a gona. Ni na taso na ga ana auna sukari da ƙwaya, ana ƙirgawa. Yau da gwangwani ake zuba shi a zoɓo.

A Amboseli ta ƙasar Kenya, inda Jeanne Altmann ta shafe shekaru tana bin garken bika, manyan biran nan masu fuska kamar ta kare, an samu wani garke da ya gano jujin wani masaukin 'yan yawon buɗe ido. Suka daina doguwar tafiyar neman saiwa da 'ya'yan itace, suka koma jiran a zubo shara. Da aka auna su, matan wannan garke sun fi na daji nauyi da kusan rabi, kitsen jikinsu ya haura kashi 20 cikin ɗari alhali na daji bai wuce kashi biyu ba, insulin ɗinsu kuma ya hau. Ba sukari kaɗai ke cikin jujin ba, akwai maiƙo, akwai kuma rashin tafiya. Amma ba wanda zai ce waɗannan biran malalata ne ko marasa haƙuri, su kuma na daji masu kamun kai. Jinsi ɗaya ne, daji ɗaya. Juji ne ya zo kusa da wasu. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana yi wa mai ciwon suga gori cewa kwaɗayinsa ne ya ja masa. Mutumin da ya fito tasha cikin zafin Afrilu, lemo mai sanyi yana gabansa a kowane taku, ruwan da zai amince da tsabtarsa kuwa sai ya nema, ba za ka ɗora masa laifin duka ba.

Ba kowace dabba sukari ke yi wa illa ba. Jemagun da ke kwana a kan mangwaro da ɓaure suna cika ciki da zaƙi kowane dare, ƙudan zuma kuma rayuwarsa kaf a kan sukari take. Su an halitta su a kan haka, kuma suna ƙone shi a tashi. Mu ba jemagu ba ne, jikinmu ya fi kusa da na biri. Gidan namun daji na Paignton a Ingila ya daina bai wa biransa ayaba a 2014, na Melbourne a Ostireliya ya rage 'ya'yan itace ga dabbobinsa a 2018, domin 'ya'yan itacen da ɗan Adam ya noma ya tace sun fi na daji zaƙi nesa ba kusa ba, kuma dabbobin suna yin ƙiba haƙoransu suna ruɓewa. Kada wani ya ɗauki wannan ya hana yaronsa ayaba ko gwanda. Ɗan itace da aka ci da tsokarsa da zarensa yana shiga jiki a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin sukarin da take cewa a rage ba. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne masu kula da biri sun zauna sun auna abin da ke shiga bakinsa, suka ga illa, suka sauya. Mu kuwa ɗan shekara huɗu muke rataya wa jakar makaranta da robar lemo da biskit kowace safiya, har uwa tana jin kunya in nata ɗan ne kaɗai ya je da ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma da matsattsen ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, in da hali ma ya sauka ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum wannan kashi 5 ɗin wajen giram 25 ne, ƙaramin cokali shida. Robar lemo ɗaya mai rabin lita, in da cikakken sukari aka yi ta, tana ɗauke da wajen giram 50. Kafin a yi maganar shayin safe da kunun yamma, ita kaɗai ta ninka.

Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a kan robar rabin lita. Ba mai sayen da zai ji wannan a aljihunsa, ba kuma kamfanin da zai sauya haɗinsa dominsa. Birtaniya ta bi wata hanya a 2018: ta ɗaura harajin a kan yawan sukarin da ke cikin kwalba, mai yawa ya biya da yawa, mai kaɗan ya tsira. Kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu tun kafin dokar ta fara aiki don su kauce wa biya. Wannan ce hanyar da nake goyon baya, domin ba ta jiran sai kowane mutum ya zama mai ƙarfin zuciya, tana rage abin tun daga masana'anta. Na san za a ce talaka ne zai ji a jikinsa, kuma a wannan tsadar rayuwa ba magana ce ta wasa ba. Amma na raka yayana sayen insulin da tsinken gwaji, na ga yadda albashi ke narkewa a kantin magani, na kuma ga waɗanda ke tsallake allura kwana biyu don ta kai su ƙarshen wata. Talaka ne ya fi kowa biyan kuɗin ciwon suga. In za a ƙara harajin, to a rubuta a doka cewa kuɗin na gwajin suga ne kyauta a asibitocin matakin farko da rage farashin insulin, a kuma riƙa bayyana lissafinsa kowace shekara. A tilasta rubuta yawan sukari a gaban kwalba da adadin cokula, da Hausa ma, yadda tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta gane in jikanta ya karanta mata. Makarantun firamare kuma a hana sayar da lemon zaƙi a cikinsu da bakin ƙofarsu.

Akwai ɓangaren da doka ba za ta shiga ba, shi ne zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lamurje da ake ƙullawa a gida, da shayin da mai shayi ke tambaya "cokali nawa?" a ce masa "cika shi." Wannan namu ne. A gidana mun fara da zoɓo. Maiɗakina ta rage sukarin da kashi ɗaya cikin huɗu ba ta faɗa wa kowa ba, ta ƙara citta da kanumfari. Ba wanda ya lura. Bayan mako biyu ta sake ragewa, a nan ne babban ɗanmu ya ce zoɓon yau ya yi tsami. Muka bar shi a haka. Robar lemo ta fita daga jakar makaranta, gorar ruwa da gyaɗa da dabino biyu suka maye gurbinta, kuma an sha kuka a makon farko. Ranar sunan ƙanwarsu da aka yi bayan nan, yaron ya karɓi zoɓon da wata gwaggonsa ta kawo, ya kurɓa sau ɗaya ya miƙo mini kofin, ya ce, "Baba, wannan zaƙin ya yi yawa."